Sarkin Aladun Ellery

Duk wanda ya ce maka Orrin Pettengill bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, ka turo mini shi nan Ellery in zaunar da shi. Ni ne Merle, ɗan kawunsa. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake da lasisin tsokanarsa, kuma a duk faɗin jiharmu ta New Hampshire shi ne lasisi ɗaya tak da Orrin bai taɓa neman a soke ba. Yana kirana Ɗan Aji Takwas, don a nan na ajiye boko na ɗauki zarto. Ni kuwa Shehi nake ce masa, saboda kansa ya kai kabewar da ake kaiwa gasar noma girma, kuma ba komai a ciki sai littattafai.

Abu biyu Orrin ya ƙi a duniya. Bai yarda akwai Allah ba, bai kuma yarda gwamnati tana da hurumin leƙa ko da akurkin kajinsa ba. Abin ya samo asali ne tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, lokacin da itace ya faɗo wa babansa a daji. A makon nan mutum biyu suka zo gidan da hula a hannu. Fasto ya ce nufin Allah ne. Mai haraji ya ce Allah ya jiƙan mamaci, amma gona tana nan a littafi. Orrin yana tsaye bayan murhu ya ji su duka. Tun daga ranar ya zuba su a buhu ɗaya ya ɗaure bakin, har yau bai kwance ba.

Littafi bakwai ya rubuta. Da kansa ya buga su, a wani tsohon injin ɗab'i da ya sayo lokacin da jaridar gundumarmu ta mutu. Ranar da muka shigar da injin nan rumbunsa, mu goma sha biyu ne da tarakta, kuma har yau kafaɗata ta hagu ta fi ta dama tsawo. Littafin farko sunansa Wa Ya Aike Ka? Sai Shingena Iyakata, sai Tambayoyi Arba'in Ga Fasto, sai wasu huɗu da ban iya riƙe sunayensu ba, don kowanne ya kai layin dogo tsawo. Ban da su, duk wata yana fitar da 'yar takarda mai shafi huɗu wadda ya raɗa wa suna A'a.

Shi dai cewa yake yana da masu karatu a jiha goma sha ɗaya. Ni uku na sani: wani mai tarkon dabbobi a Alaska, da wani likitan haƙori a Ohio wanda zagi kawai yake aiko masa, da Arlene Bixby, wadda zan zo kanta. Ni ma yana ba ni kyauta duk wanda ya fito, kuma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin takardar da ke kama wuta a murhu kamar tasa ba. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Ko banza ka amfana da ilimi sau ɗaya a rayuwarka, Ɗan Aji Takwas."

Kada ka ɗauka mugu ne. Motar gari ba ta share masa dusar ƙanƙara a hanyarsa, don ya kafa allo ya hana, da kansa yake sharewa. Amma in bututun hayaƙin wani ya kama da wuta, kafin ƙararrawar gobara ta gama kaɗawa Orrin yana kan rufin. Shekarar da bayana ya riƙe, shi ya faskara mini itacen hunturu kaf, ya jera shi kamar an auna da zare. Na ce, "Shehi, ashe kai ma kana neman lada?" Ya ce, "Ba wanda ya tilasta ni, shi ya sa na yi. Ka sa a aiko mini da takarda a ce dole ne, ka ga ko zan ɗaga gatari."

Inda ake ganin Orrin na gaske shi ne taron gari, Talata ta biyu a watan Maris. Harlan Dow, shugaban taro, zai karanta magana, ko ta gyaran gada ko ta sayen motar kashe gobara, ya ce masu goyon baya su ce i. Zaure ya amsa. Sai ya ce masu ƙi su ce a'a. Sai murya ɗaya ta taso daga kujerar kusa da murhu, ta girgiza tagogi, ta tayar da karnukan da ke kwance a cikin motoci. Shekara talatin da takwas ana haka. Shekarar da mura ta kwantar da shi, Harlan ya ce masu ƙi su ce a'a, aka yi tsit, ya tsaya da guduma a sama ya kasa bugawa. Sai da ni na taimaka na ce a'a a madadin dangi.

To, Arlene. Ita ce mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan, a cocinmu tun ina da gashi. Ba ta taɓa aure ba, tana jinyar mahaifiyarta, tsohuwar da ta yi shekara ashirin tana cewa bana ce ta ƙarshe. Duk littafin da Orrin ya fitar sai Arlene ta saya, ta karanta, ta cika gefen shafukan da jan biro, ta mayar masa. "Nan ka yi gaskiya." "Nan fushi ne ya yi magana, ba kai ba." "Wannan tambayar ni ma ban san amsarta ba, amma ina zuwa coci." Shi kuma ya zauna ya ba ta amsa shafi goma, ya taka mil biyu ya sa mata a ƙofa da hannunsa, don kada wasiƙar ta bi ta gidan wayar gwamnati. Shekara goma sha tara suna wannan faɗa. Kowa a Ellery ya san sunan abin, ban da su biyun.

Tsohuwa ta rasu da bazara, a watan Oktoba suka yi aure. Yana da sittin da bakwai, tana da sittin da ɗaya. Kowannensu ya saki abu ɗaya. Shi ya sa hannu a takardar aure ta hukuma, fuskarsa kamar mai shan maganin tsutsar ciki. Ita kuma, wadda ta kaɗa wa amare sun fi ɗari biyu kiɗan shiga coci, ta yarda aka ɗaura nata a lambun tuffa, ba fasto, ba ogan, sai kukan hankaki. Orrin ya ce mini, "Mun yi canjaras. Daga nan ba sauran abin da zan saki."

Ya manta da sanda.

A Ellery, duk namijin da ya yi aure na ƙarshe kafin taron gari, shi ake zaɓa Sarkin Aladu. A zamanin kakanni aiki ne na gaske, shi ke kama aladun da suka ɓalle suka shiga gonar mutane. Yanzu rabon da a ga alade a titi tun kafin a haife ni, amma muƙamin yana nan a jerin muƙaman gari, ƙasa da na mai kula da maƙabarta. A zaɓi ango, a yi ta dariya, amarya ta rufe fuska, a rantsar da shi, a miƙa masa wata doguwar sanda ta itace mai ƙwari. Sai ya sa ƙarfe a murhun zaure ya ƙona sunansa da na amaryarsa a jikinta. Sunaye sun cika ta tun daga sama har kusan ƙasa. Nawa da na matata Dot suna nan, a karkace.

A shekarar nan kuwa ango ɗaya ne a duk garin. Kuma kowa ya san abin da ke shafi na arba'in da huɗu na Wa Ya Aike Ka?, don Orrin ya sha karanta mana shi ko ba mu tambaya ba: "Duk hannun da ya karɓi sandar hukuma, ko da tsinken sakace ce, gara a ce ya shanye." Saboda haka Harlan ya shirya tsallake maganar shiru, kamar mai wuce gidan da ke da mugun kare.

Ni kuwa tun Oktoba nake jiran ranar nan, ko barcin kirki ba na yi. Dab da hutun abincin rana na miƙe.

"Ranka ya daɗe shugaban taro, an tsallake muƙami ɗaya. Ina gabatar da ɗan gwaggona, Orrin Pettengill, ya zama Sarkin Aladu."

Zaure ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. Wata tsohuwa haƙoranta na roba suka yi tsalle suka faɗa jakar maƙwabciyarta. Na waiga don in more fuskar Orrin, sai idona ya faɗa kan Arlene. Ta sa shuɗiyar rigar da ta yi aure da ita, ta rufe baki da hannu biyu, tana dariya kamar 'yar shekara ashirin, kunnuwanta sun yi ja.

Sai Orrin ya miƙe, a hankali, kamar ana ɗaga turken waya.

"Harlan," ya ce, "shekara talatin da takwas kuna jin bakina. Ban taɓa karɓar ko allura daga hannun hukuma ba, kuma yau ma ba zan..."

Harlan, Allah ya saka masa, ya buga guduma. "Wake ya nuna! A je a ci abinci. Ƙarfe ɗaya za mu dawo kan maganar."

Amma na riga na ga dariyar Arlene ta ɗauke. Ta sauke hannuwanta, ta gyara rigarta, ta tashi ta shiga kicin ta kama raba wake kamar kowace shekara.

A layin abinci Dot ta kama fatar hannuna ta murɗa har sai da na ga taurari da rana tsaka.

"Kai dai ba za ka yi hankali ba har a binne ka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka san wa ke goge sandar nan da mai duk shekara kafin taro? Arlene. Shekara arba'in. Sunan iyayenta na kai, na ƙannenta biyu na kai. Da an tsallake shiru, da ta haɗiye abinta ba wanda ya sani. Yanzu ka sa mijinta zai ƙi ta a gaban mutum ɗari da hamsin."

"To ai wasa nake..."

"Je ka gyara wasan. In ba haka ba, yau a rumbu za ka kwana, kai da wasan."

Na samu Orrin a waje, cikin a-kori-kurarsa, taɓo har gindin taya. Yana cin burodin da ya zo da shi daga gida, don a cewarsa waken taron gari ma akwai ƙamshin haraji a jikinsa. Na buɗe ƙofa na zauna.

"Fita mini daga mota, Ɗan Aji Takwas."

"Motar ce kawai taka, taɓon na gari ne. Ina zan taka?"

Bai yi dariya ba. Sai na faɗa masa abin da Dot ta ce, ban ƙara ko gishiri ba, abin da ban taɓa yi wa labari ba tunda aka haife ni. Ya daina tauna.

"Ba ta taɓa faɗa mini ba," ya ce.

"Ta yaya za ta faɗa? Ita ma ta karanta shafi na arba'in da huɗu. Me ta rubuta a gefensa?"

Can ya ce, "Ba ta rubuta komai ba. A duk littafin, shi kaɗai ta bari fari." Ya juya burodin a hannunsa. "Ni na zaci yarda ta yi."

"Shehi ke nan. Littafi bakwai, amma farar takarda ta gagare ka karantawa."

"Merle, shekara arba'in ina gaya wa mutane abu ɗaya. In na karɓi sandar nan, me na zama?"

"Mijin Arlene. Dama kana da wani muƙamin ne?"

Ya dube ni kamar zai jefo ni ta taga. Sai ya naɗe sauran burodin a takarda, ya sa a aljihu.

Ƙarfe ɗaya zaure ya cika har baranda. Mutanen da rabonsu da taron gari tun zaɓen gyaran agogon coci duk sun bayyana. Arlene ta zauna a inda take, hannuwanta a cinya, tana kallon ƙasa. Orrin ya miƙe.

"Ina da tambaya uku, Harlan. Akwai albashi?"

"Ko sisi."

"Ina da ikon kama ɗan Adam?"

"Alade kawai. In ka samu."

"Da akwai ɗaya a benci na uku, amma dangi ne." Ni yake nufi. Aka yi dariya, ni ma na yi, don ya ci wannan. "Ta uku. Sai na rantse da Allah?"

Magatakardar gari ta ɗago littafinta ta ce a'a, akwai wata rantsuwar ta waɗanda ba sa rantsuwa, mutum ya yi alkawari da bakinsa kawai, in ya saɓa doka ta hau kansa.

"Dama ita doka ba ta rasa hanyar hawa kan mutum," in ji Orrin. Ya gyara murya. "To ku ji. Na so in ce muku wannan ba gwamnati ba ce, wasa ne, in fake a nan. Amma ƙarya ce. Yana cikin jerin muƙamai, da rantsuwa, da sanda. Gwamnati ce, ƙarama ce kawai, kamar yadda ɗan maciji maciji ne. Abin da na rubuta ban janye ba. Sai dai lokacin da na rubuta shi ba ni da mata. Harlan, sa a kaɗa ƙuri'a."

"Masu goyon baya su ce i."

Na rantse sai da ƙura ta zubo daga rufi.

"Masu ƙi su ce a'a."

"A'a!" in ji Orrin, shi kaɗai, da dukan ƙarfinsa, karnuka suka amsa daga waje.

"An kayar da kai," in ji Harlan.

"Na saba," in ji Orrin. Ya taka gaba, ya yi alkawarinsa, ya miƙa hannu ya karɓi sanda. Kowa ya zuba wa hannun ido. Ni har na matso don in ga lokacin da zai shanye. Bai shanye ba.

Aka sa ƙarfe a murhu ya yi ja. Ya durƙusa zai fara, sai ya tsaya, ya waiga.

"Arlene, zo ki riƙe mini. Ke kika san inda ya rage wuri."

Ta zo. Ba ta ko duba ba, ta sa yatsa a wani ɗan fili can ƙasa, ƙarƙashin sunan autarsu. Ya ƙona sunayen da kyau, harafi bayan harafi, kamar aikin injinsa. Zaure ya cika da ƙamshin ƙonannen itace. Da ya gama ta ce masa, yadda na gaba-gaba kawai suka ji, "Nan ka yi gaskiya."

Washegari na same shi a rumbu da tukunyar gam. Ya buga wasu 'yan ƙananan takardu, yana bin ragowar Wa Ya Aike Ka? ɗaya bayan ɗaya, tuli har rufi, yana liƙawa a shafi na arba'in da huɗu. Ga abin da ke jiki: "Marubucin ya karɓi sandar hukuma ranar Talata, da saninsa. Hannunsa bai shanye ba. Mai karatu ya yi hukunci da kansa." Har Alaska ya aika da ita. Likitan haƙorin nan na Ohio ya rubuto shafi shida na zagi, Orrin ya ce bai taɓa jin daɗin wasiƙarsa kamar wannan ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya isa. Amma a watan Satumba, ran Lahadin da ake cin abincin bikin girbi a filin coci, aladun wasu baƙi 'yan birni masu koyon noma suka fasa shinge. Ni na ƙirga arba'in. Dot ta ce shida ne. Suka bi ta kan tebura, suka shiga kek ɗin tuffa da ƙafa huɗu, mata na ihu, fasto ya hau kujera. Sai wani ya ɗaga murya, "Ina Sarkin Aladu?" Karo na farko cikin shekara tamanin da aka yi wannan kira da gaske.

Ya zo, da sanda a hannun dama, da bokitin ruɓaɓɓen tuffa a hagu. Sandar ba ta yi komai ba, bokitin ne ya yi aikin, kuma ya ce in rubuta wannan in ajiye, don duk ilimin mulki yana ciki. Biyar suka bi shi kamar 'yan makaranta. Na shidan ya kutsa soron coci, inda Arlene take ciki ita kaɗai tana gwajin waƙar yamma, ba ta san abin da ake ciki ba. Orrin ya bi shi.

Shi cewa yake ƙafa ɗaya kawai ya sa. Ni da na leƙa, na ga alade ya daɗe da fita ta ƙofar gefe, Orrin kuwa yana tsaye da ƙafa biyu cur, hula a hannu, har aka kai ƙarshen waƙar. Shekara arba'in tana kaɗawa, ranar ya fara ji.

Da ya fito na ce, "Shehi, in gaya wa fasto ya tanadi ruwan baftisma?"

"Ba waƙar na tsaya ji ba, Ɗan Aji Takwas. Mai kiɗan."

Yanzu yana da saba'in da tara. Ra'ayinsa na nan inda yake, ko taku ɗaya bai matsa ba, nata ma haka. Duk Lahadi yana kai ta coci, ya zauna a mota yana gyaran littafi na takwas, sai dai na lura gilashin a sauke yake ko ana zuba dusar ƙanƙara. Sanda ta wuce hannun angwaye goma sha ɗaya bayansa. Har yanzu Arlene ce ke goge ta kafin taro, shi kuma yana riƙe mata kwalbar man, yana mita cewa da kuɗin jama'a aka saye shi.